Aljanun Shata da Shaiɗanin Robert Johnson

A rumfar cajin waya a Ƙafur, ko Masari, ko Mahuta, kana iya miƙa memori a cika maka shi da waƙoƙin Shata kafin ka gama shan shayi. Ka koma gida ka buɗe, ga abin da za ka tarar: Shata 1, Shata 2, har Shata 60. Babu sunan waƙa, babu shekara, babu garin da aka yi ta. Wata daga tsakiya ta fara, wata ta yanke kafin 'yan amshi su dire. A tsakani kuma sai ka ci karo da wadda muryar ma ba ta Shata ba ce, ta wani mai kwaikwayonsa ce. Haka muka karɓi gadon, muna saurare muna cewa Allah ya jiƙan maza.

In kuwa aka zauna a majalisa aka ɗauko zancen Shata, kafin a je ko'ina hira ta koma kan aljanu. Wannan ya ce su suke ba shi waƙa, wancan ya ce bakinsa ba ya faɗuwa ƙasa, wani ya kawo labarin attajirin da ya yi wa zambo ya tsiyace. Sai a kwana ana wannan ba wanda ya ce uffan kan yadda mutumin yake gina waƙa. Mun riƙe almararsa, mun saki aikinsa. Wasu mutane can nesa sun taɓa yi wa nasu makaɗan irin wannan riƙon, daga baya suka gyara wani ɓangare, kuma akwai abin ɗauka a labarinsu.

Kiɗan blues ya tashi ne a kudancin Amurka cikin jikokin bayi, musamman a kwarin Misisipi inda ake noman auduga. Mu mutanen wannan yanki mun san abin da auduga take yi wa gari. A ƙarshen shekarun 1920, lokacin da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, auduga da gidan gurza ne suka tara wa Funtuwa baƙi da kuɗin kaka, kuma inda kuɗin kaka ya sauka nan makaɗi yake sauka. A daidai wannan lokaci, a 1929, wani mazaunin gonar Dockery mai suna Charley Patton ya fara shiga faifai. Cikin abin da ya bari har da waƙar ambaliyar Misisipi ta 1927, inda yake lissafa garuruwan da ruwa ya ci ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya saba da yadda Shata yake jera sunayen garuruwa da mutane, ko ya ji waƙarsa ta kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969, zai gane sana'ar: makaɗi ne jaridar waɗanda ba sa karanta jarida.

Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya nuna cewa salon blues na Misisipi ya fi kama da kiɗan ƙasashen Sudan ta tsakiya, har da goge da garayar Hausawa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku: murya ɗaya, tsirkiya kaɗan, jan sauti mai lanƙwasa. Kada wannan ya sa mu fara bugun ƙirji cewa mu muka haifi blues. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya fi damunmu a nan shi ne yadda aka tuna makaɗan.

Robert Johnson ya mutu a watan Agustan 1938 yana ɗan shekara 27. Waƙa 29 kacal ya bari. Shekaru da yawa abin da duniya ta sani game da shi shi ne wai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa, shi kuma ya koya masa jita. Labarin ya yi daɗin ji, ya sayar da faifai, har fim aka yi a kansa. Sai da masu bincike suka taka ƙafa suka bi ƙauyuka suna tambayar tsofaffi, sannan aka gano cewa tun farko a kan wani makaɗin dabam, Tommy Johnson, ake ba da wannan labari. Shi kuwa Robert zaman koyo ya yi wurin wani gwani mai suna Ike Zimmerman, suna kwana suna kiɗa. Elijah Wald, a littafinsa Escaping the Delta na 2004, ya bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ya nuna inda Johnson ya ɗebo daga faya-fayan Leroy Carr da Kokomo Arnold da Skip James. Ashe shaiɗanin nasa kunne ne da naci.

Wannan bai rage masa daraja ba. Almara ce take rage wa mai fasaha daraja, domin tana ƙwace guminsa ta miƙa wa aljani. Idan muka ce aljanu suka ba Shata waƙa, mun share yaron da aka haifa a Musawa a 1923, wanda ya yi tallan goro da alewa, ya goge a dandali wurin kiɗan asauwara, ya yi zaman Bakori kafin ya kafu a Funtuwa. Mun share dubban dare da ya tsaya gaban jama'ar da ba ta yi wa makaɗi kara in ya gaza.

Mu ajiye aljanun, mu kasa kunne. Shata yakan kafa amshi gajere, ya danƙa wa yaransa, su riƙe shi kamar turke. Tsakanin amshi da amshi akwai ɗan fili, a nan yake jefa ɗa. Maimaicin da wasu suke ɗauka ƙarancin magana ne, shi ne ɗakin tunaninsa: yayin da 'yan amshi suke zagayowa, shi yana duban taro yana auna wanda ya shigo da abin da ya dace a faɗa masa. Kalangu kuma ba rakiya kawai yake ba, yana matsewa yana saki yana bin hawa da saukar harshen Hausa, har wani lokaci ya riga baki faɗin magana. Mai blues ma haka yake: ya rera layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jita tana amsa masa a kowace gaɓa. Johnson a yatsunsa amshinsa yake, Shata a bakin mutanensa. Dabarar ɗaya ce, kuma koyonta ake yi.

A nan ne rashin suna da shekara yake cutar da mu. An san ranar da Johnson ya fara ɗaukar faifai: 23 ga Nuwamba 1936, a otel ɗin Gunter da ke San Antonio, sannan ya ƙarasa a Dallas a watan Yunin 1937. Wasu waƙoƙin da ya yi sau biyu, an ajiye duka biyun, kowace da lambarta, ana iya jera su a ji abin da ya sauya. Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa, kuma ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Bakandamiyarsa ba ɗaya ba ce, kowane ɗauka da abin da ya ƙara da abin da ya zubar. Da mun san wacce ta riga wacce, da mun ji yadda kirarin saurayi ya rikiɗe ya zama na dattijon da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Memori ya tattara wannan doguwar tafiya ya mayar da ita fuska ɗaya marar shekaru.

Duk da haka Shata mai sa'a ne. Ya samu faifan garmaho, ya samu Rediyon Kaduna, kuma bayan rasuwarsa a watan Yunin 1999 ya samu littafin Shata Ikon Allah na 2006, wanda Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka yi wa wahala. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da yawa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Tun kafin nan David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, daga aikin da suka yi a Zariya da Katsina. Ba a ce ba a yi komai ba. Amma mu tambayi kanmu: cikin masu cewa sun haddace Shata, mutum nawa ne zai iya kawo sunan makaɗan kalangunsa uku? Alhali rabin abin da yake motsa mu a waƙar daga hannunsu yake fitowa.

To ina ga waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban na'ura ba? Ƙasar Ƙafur ƙasar noma ce, daga Gozaki zuwa Ɗankanjiba zuwa 'Yari Bori, kuma kiɗanta na asali a gona yake. Mai gangar noma yana bin 'yan gayya kunya-kunya, yana kiran kowane saurayi da takensa da na ubansa, har wanda ya gaji ya ji kunyar miƙewa. Wannan kiɗa ba ƙaramar makaranta ba ce: Musa Ɗanƙwairo da kiɗan noma ya fara kafin ya koma fada. Yau maganin feshi da tarakta da ƙwadagon kuɗi sun rage gayya, rashin tsaro ya rage taron dare a kudancin Katsina, gangar tana rataye a zaure fatarta ta bushe. Taken da aka yi wa kakanninmu yana cikin kawunan tsofaffi 'yan ƙalilan, kuma kowace damina ana rage su.

Mata sun fi shan wannan mantuwa. A wajen 1930 wasu mata biyu, Geeshie Wiley da Elvie Thomas, suka ɗauki waƙa shida a kamfanin Paramount, suka ɓace. Sai a 2014 wani dogon bincike ya fito da tarihin Elvie, ita kuwa Geeshie ba a tabbatar da ƙarshenta ba. Mu kuma muna da Hajiya Barmani Choge, 'yar nan ƙasar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya da mata 'yan amshi ta faɗi abin da ake faɗa a tsakar gida in maza sun fita: kishi, haihuwa, ragon miji, da wajibcin mace ta riƙe sana'a. Mun fi tuna ta da barkwanci da batsa, kamar ba ita ce ta ɗauko amada daga cikin gida ta kai ta bainar jama'a ba, bayan Uwaliya Mai Amada ta share hanya. Kuma bayan kowace Barmani akwai masu kiɗan ƙwarya na bikin suna da zabiyoyi na ƙauye da ba wanda ya rubuta ko sunansu.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne, kunya ce. A Misisipi mutanen coci suna kiran blues kiɗan Shaiɗan, har Son House ya yi rayuwarsa yana kai-kawo tsakanin wa'azi da jita. Mu ma muna son waƙa, ba ma son a ce gidanmu gidan roƙo ne. Jikan makaɗi ya yi boko, ya zama ma'aikaci, in aka tambaye shi sana'ar kakansa sai ya ce noma. Bai yi ƙarya ba, amma ya binne rabin mutumin. Ba sai mun yarda da duk abin da makaɗan nan suka yi ko suka faɗa ba kafin mu rubuta cewa sun rayu, sun yi kaza a shekara kaza. Hukunci dabam, shaida dabam.

Amurkawan ma ba su tsira daga kuskure ba. Gaskiya ne Alan Lomax ya ɗauki muryar Muddy Waters a gonar Stovall a 1941, matasa kuma suka nemo Mississippi John Hurt a 1963, da Son House da Skip James a 1964, bayan an ɗauka sun mutu. Amma masu neman nan baƙi ne, kuma abin da ya yi daidai da mafarkinsu suka zaɓa: talaka shi kaɗai da jita. Matan da suka fi kowa sayar da faifai aka tura su gefe. Bessie Smith ta rasu a 1937, kabarinta bai samu alama ba sai 1970. Kuɗin waƙoƙin Johnson kuwa sai a 1998 kotu ta tabbatar wa ɗansa Claud gadonsu, shekara 60 bayan mutuwar uban. In muka jira baƙo ya zo ya tuna mana namu, da idonsa zai tuna su, kuma shi zai riƙe makullin.

Mu ba ma kafa dutse mai rubutu a kan kabari, kuma ba ma buƙata. Alamar da za mu iya yi wa makaɗanmu tana cikin aljihunmu. Wayar da ke hannunka ta fi na'urar da Lomax ya loda a bayan mota kyawun ɗauka. In akwai tsohon makaɗi a unguwarku, ko tsohuwar da ta yi amshi, a je a gaishe su, a nemi izini, a ɗauka. Kafin a fara a faɗi sunansa da na wanda ya koya masa, da garin, da ranar. A tambaye shi taken wa ye wannan, a wace gona aka fara buga shi. In an samu tsohon kaset a akwatin baba, a ɗauki hoton bangonsa kafin a juye shi, a kuma bar wa iyalan makaɗin kwafi. Mai tura waƙa a rumfa, in ya san sunan waƙa, ya daure ya rubuta shi maimakon lamba.

Masu nazari kuma, da mu masu rubutu a shafuka irin wannan, mu rage tara labaran aljanu, mu zauna da waƙa ɗaya mu faɗi yadda aka ƙera ta. Shata 47 tana da suna, tana da ranar da aka yi ta, akwai kuma mutanen da suka riƙe kalangu a wannan dare. Wataƙila ɗayansu yana nan da rai a Funtuwa ko Bakori, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi.