Safar hannun 'yan keke: ta gayu ko ta aiki?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka dawo kan hanya tsakanin Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Sai ga wani yayi ya biyo baya: samari na sa safar hannu mai yankakkun yatsu, irin ta 'yan tseren keken Faransa da suke kallo a waya. 'Yan acaɓa ma sun ɗauka.

Gayu ba laifi ba ne, amma mutum ya san abin da ya saya. Waccan safar don tseren lokacin zafi aka yi ta: ta shanye gumi, ta rage jijjigar kan keke, ta kare tafin hannu in an faɗi. Mu kuwa hunturu ne damuwarmu. Duk wanda ya yi sammakon Alhamis a watan Janairu zuwa kasuwar Maigatari ya san inda sanyi ke cizo, wato kan yatsu, daidai wurin da aka yanke. Yatsu in suka ƙage, kama birki ma aiki ne.

Ga kuma rashin ƙarko. Yawancin masu arahar nan leda ce aka yi wa kamannin fata. A hanyar rairayi, inda dole ka damƙe kan keke da ƙarfi, ɗinkin tsakanin babban yatsa da manuniya ne ke fara buɗewa, sannan tafin ya soma saɓulewa kamar ɓawon albasa. Kafin sanyi ya wuce an sayi ta biyu. Da ma araha ba ta ado.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk mako ana lodin awaki daga Maigatari, alhali fatar akuya, saboda laushi da ƙwarinta, tana cikin waɗanda masu ɗinkin safar hannu a duniya ke nema. Majema na nan a Kano. Badukun da ya iya ɗinka kube da jaka da kayan doki, safar hannu ba za ta gagare shi ba, in ya samu mai saye. Tasa in ta farke, zare da basilla ne kawai.

Don haka malam mai keke, kafin ka miƙa kuɗi, juya safar ka duba ɗinkin ciki, ka ja wurin babban yatsa. In ka hango haske ta tsakanin zaren, ajiye wa mai sayarwa kayansa.