Tazarar Amincewa da Dajin Birnin Gwari: Gyara Ga Wani Babi na Ilmin Ƙididdiga

Babin da ya fi wahalar da 'yan makaranta a ilmin ƙididdiga shi ne wanda ya ke koyar da kimanta abu mai yawa daga samfur kaɗan. Littattafan da a ke karantawa sun cika buga misali da jefa kwabo da ƙwan lantarki. Lissafinsu daidai ne, amma suna wuce sharaɗin da lissafin ya dogara a kansa da sauri, watau yadda aka ɗebo samfurin. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari ya isa ya nuna wannan aibi.

An keɓe wannan daji ya zama gandun En'e a 1936, aka mai da shi gandun Tarayya a 1999. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,120, cike da doka da maje da kawo da taura. Ba mahalukin da zai ƙidaya itatuwansa ɗaya ɗaya. A ƙaddara malamin daji ya auna fili 25, kowanne eka guda, ya sami matsakaicin doka 40, ma'aunin bambanci tsakanin filayen kuwa 10. Sai ya raba 10 da 5, lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da 25, ya sami 2. Ya ninka biyu, ya rage, ya ƙara, ya ce matsakaicin dajin yana tsakanin 36 da 44, da amincewar kashi 95 cikin 100. Wannan ita ce tazarar amincewa, wadda Jerzy Neyman ya shimfiɗa ƙa'idarta a 1937.

Kuskure na farko yana wajen fassara. Kashi 95 ɗin nan yabo ne ga hanyar aikin: in an yi ta maimaita awon, kimanin tazara 95 cikin kowace 100 za su ƙunshi adadin gaskiya. Wannan guda da ke hannu kuwa, ko ta ƙunsa ko ta kuskure.

Na biyu ya fi muni. Ƙa'idar ta ɗauka cewa an zaɓi filayen ne da ƙuri'a, kowane lungu na dajin yana da rabon a faɗa kansa. To, a shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Birnin Gwari, mai awo ba zai yi nisa da hanyar mota ba, nan ne kuwa masu gawayi da masu itace suka fi sara. Ko da ya auna fili 100 a bakin hanya, tazarar za ta ƙara tsukewa kawai, labarin bakin hanya za ta ci gaba da bayarwa. Dillalin hatsi ya san wannan, shi ya sa ya kan cusa hannu har gindin buhu.

Haka gwajin zato ya ke. In an tambaya ko doka ta ragu, lissafi kuwa bai kai iyakar kashi 5 cikin 100 da R. A. Fisher ya yaɗa tun 1925 ba, ɗalibi ya kan rubuta cewa dajin bai ragu ba. Alƙalin da ya sallami wanda a ke tuhuma don ƙarancin shaidu bai ce ba a yi satar ba. Hukumar da ta karanta irin wannan rahoto tana iya ƙyale daji ya ƙare.

Sabo da haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su juya tsarin babin. Kafin a koya wa ɗalibi raba 10 da 5, a fara ba shi taswirar Kamuku, a yanka ta gida gida, a sa shi ya fid da filaye da ƙuri'a, sa'an nan a tambaye shi waɗanne ne ƙafa za ta iya takawa, waɗanne ne kuma ba za ta iya ba. Abin da ya rage a hannunsa, shi kaɗai ne dajin da tazararsa ta ke da ikon yin magana a kansa.