A Kan Hirar Gindin Mai Shayi ta Kartum da Omdurman

Duk wanda ya taɓa zama a Kartum ko Omdurman kafin yaƙin 2023 ya san inda ake yanke wa gwamnati hukunci. A gindin darbejiya ake yi, a kan wata 'yar guntuwar kujerar igiya da suke kira banbar, kewaye da mace mai kaskon gawayi da kwalaben citta da kirfa da na'ana'a. A can mata ne ke sayar da shayi, sunansu da Larabci sittat ash-shai. Kafin kofi ɗaya ya huce an tuɓe minista, an gyara farashin dala, an faɗi wanda zai yi juyin mulki na gaba. Direban raksha da malamin jami'a da tela duk kujerarsu tsawo ɗaya ne.

Ina so in auna wannan hira yadda ake auna littafi ko jawabi, watau in duba inda ta yi gaskiya da inda ta yi ɓarna. Gama na ji mutane iri biyu suna maganarta. Waɗansu sun ce surutun marasa aiki ne. Waɗansu kuwa sun ɗauke ta muryar talaka wadda ba ta kuskure. Na zauna a kan banbar a Omdurman kwanaki da yawa, ban kuwa yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai mai karatu ya fara sanin abin da ya ba hirar nauyi. Gidan rediyon ƙasa yana Omdurman tun 1940, mutanen Sudan kuma sun koyi cewa in suka ji kiɗan soja da sassafe, to, mulki ya sake hannu. Haka aka yi da Abbud a 1958, da Numairi a 1969, da Umar al-Bashir ranar 30 ga Yuni 1989. Jaridu kuwa, a zamanin Bashir, jami'an tsaro kan bari a gama bugawa sa'an nan su kwashe, domin mai jarida ya yi hasarar takarda da tawada. A rana ɗaya cikin Fabrairu 2015 sun kwashe bugun jaridu 14. Ƙasar da rediyonta ke faɗin abin da mai bindiga ya rubuta, dole mutanenta su nemi labari a bakin juna.

A kan batun abinci da farashi, hirar gindin mai shayi ta fi ministoci gaskiya, wannan ba ni da shakka a kai. A 2010, ana shirin ƙuri'ar raba ƙasa, ministan kuɗi Ali Mahmud ya ba mutane shawara su koma cin kisra, wainar dawa ta gargajiya, su rage burodin alkama. Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur. Talaka bai karanta lissafin baitulmali ba, amma ya ga burodi yana ƙanƙancewa a hannunsa, ya ga layin mai yana tsawo, ya san abin da ke zuwa. A Satumba 2013, lokacin da aka janye tallafin mai, Bashir ya tsaya gaban 'yan jarida yana gori cewa kafin mulkinsa mutanen Sudan ba su san irin abincin Turawa na zamani ba. Kwanaki kaɗan aka harbe masu zanga-zanga da yawa a tituna. Ashe manya ma suna da tasu hirar ta sakin baki. Nafi Ali Nafi, mataimakin Bashir, ya taɓa cewa wanda ke son kayar da su sai ya lashi gwiwar hannunsa tukuna. Mutane suka ɗauki maganar suka sa wa zanga-zangar wata Juma'a ta Yuni 2012 sunan lasar gwiwar hannu. A Disamba 2018 burodin fam 1 ya koma fam 3 a Atbara, ranar 19 ga wata aka ƙone ofishin jam'iyya mai mulki a garin, kafin wata huɗu su cika, ranar 11 ga Afrilu 2019, Bashir ya faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da hirar ta fi nuna amfaninta ita ce 30 ga Yuni 2019. An tarwatsa zaman dirshan na gaban hedkwatar soja ranar 3 ga Yuni, ƙungiyar likitoci ta ce an kashe fiye da mutum 100, sa'an nan aka yanke intanet na waya fiye da wata guda. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai ƙara kotu ya yi nasara, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai, sauran jama'a sai 9 ga Yuli. Masu mulki sun zaci in babu Facebook babu taro. Amma saƙo ya bi ƙofa ƙofa, ya bi masallaci da gidan makoki da tashar mota, ya bi gindin mai shayi, ranar 30 ga wata kuwa dubun dubatar mutane suka cika Kartum da Omdurman da Bahri. Matan shayin ma ba 'yan kallo ba ne. Awadiya Mahmud Koko, shugabar ƙungiyarsu, wadda Amurka ta ba lambar yabo a 2016, tana cikin waɗanda suka dafa wa masu zaman dirshan abinci. Su ne kuma aka daɗe ana kora ana ƙwace musu kaya a ƙarƙashin dokar tsarin jama'a, wadda aka soke a Nuwamba 2019.

To, ga inda yabona ya tsaya.

Abin da ya sa maganar burodi ta zama gaskiya shi ne, mai faɗinta ya saya da kuɗinsa, wanda ke zaune kusa da shi ma ya saya, in ya ƙara gishiri za a kama shi nan take. Fuska tana ganin fuska. Wani dattijo Bahaushe, tela a kasuwar Omdurman, yakan katse saurayi in ya fara zuba, ya ce, "Ɗana, ka gani ne ko an faɗa maka?" In yaron ya ce, "Baba, a waya na gani," sai tsohon ya ce, "To, wayar ce ta gani, kai ba ka gani ba." A lokacin dariya muke yi. Da wayar hannu ta cika aljihun kowa, sai hira ta rabu da shaidunta. Baki ɗaya ne, murya ɗaya ce, gaba gaɗi ɗaya ne, ko mutum yana maganar farashin sukari a kantin unguwarsu, ko yana maganar abin da aka ƙulla a Abu Dhabi ko Alƙahira. Mai sauraro ba shi da abin da zai bambanta su.

Dubi abin da ya faru a 2023. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu tsakanin sojan Abdulfatah al-Burhan da dakarun Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti. Watanni ana rantsuwa cewa Hemeti ya mutu, muryarsa da ake ji ƙirar kwamfuta ce. Har masu ilimi sun faɗa. A ƙarshen Disamba sai ga shi a Uganda yana gaisawa da Museveni, daga nan ya zaga waɗansu ƙasashen Afirka. A shekarar nan kuma waɗansu faya-fayai suka bazu a TikTok da sunan asirin Bashir ne ya fita, da aka bincika sai aka tarar na'ura ce ta juya muryar wani mutum dabam ta mai da ita ta Bashir. Watau mutane sun ƙi muryar gaskiya domin sun ce ta na'ura ce, sun karɓi ta na'ura domin ta faɗi abin da suke so. Wannan irin kuskure yana ba da kunya ne kawai. Akwai wanda ya fi shi tsada, ya kuwa faɗa a kan danginmu.

Hausawa sun daɗe a Sudan. Hanyar hajji ta ƙafa ce ta fara kai su, waɗansu suka yi shekaru suna noma domin guzuri har suka zauna. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mutanen yamma ya yi aiki a ciki sosai. Duk da haka kalmar Fallata da Takari, da ake kiran Hausawa da Fulani da Barebari da su, ta daɗe tana ɗauke da ma'anar baƙo, ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi. Irin maganar da ake jefawa ce da wasa a gindin mai shayi, a yi dariya a wuce.

A Yuli 2022 ba a wuce ba. A jihar Shuɗin Nilu rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, Berta da Hamaj da waɗansu. Tushensa ƙasa ce da sarauta: Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, shugabannin waɗancan suka ƙi, gama a tsarin can sarauta tana tafe da ikon ƙasa. Wannan magana ce da dattawa za su iya zama a kanta. Amma kafin a zauna, wayoyi sun cika da muryoyi da hotuna, wannan ya ce a kori baƙi, wancan ya ce a rama. An kashe fiye da mutum 100 a yankin Rusairis da kewaye, dubbai suka gudu. Hausawa suka fita zanga-zanga a garuruwa da yawa, a Kasala aka ƙone ofisoshin gwamnati da shaguna, a Kartum kuwa ranar 19 ga Yuli aka tare su da barkonon tsohuwa. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa wajen mutum 200. Ban ce hira ce ta haifi rikicin ba, 'yan siyasa da masu makamai suna da nasu kason mai girma. Na ce dai ita ta share fage, shekara da shekaru, har kisan maƙwabci ya zama abin da mutum zai iya tunaninsa. Ban kuma wanke namu ba, gama ta wayoyin Hausawa ma maganar ramuwa ta yi yawo, har ta iso Kano da Maraɗi. Mu da muke Hausawa Kirista mun san ɗacin a ce maka baƙo a garin ubanka, saboda haka bai kamata wannan labari ya yi mana nisa ba.

Yaƙin ya ƙara wa kalma ɗaya dafi, watau muta'awin, mai haɗa kai da abokin gaba. Sa'ad da soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025 suka kori dakarun Hemeti daga Kartum, ofishin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton kashe mutane ba shari'a a unguwannin kudancin birnin bisa wannan zargi. Waɗanda ba su gudu ba galibi talauci ne ya hana su. Mai sayar da ruwa ko shayi ga duk wanda ya zo da bindiga ba ta da zaɓi. Amma "an ce an gan ta da su" ya isa.

A nan ma dole in yi adalci, domin a cikin yaƙin nan hirar ta ceci rayuka, a daidai wurin da ta saba yin gaskiya. A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu kusan ko'ina. Kuɗin hannu ya riga ya yi wuya, mutane sun dogara ga Bankak, manhajar Bankin Kartum, domin karɓar abin da dangi ke turowa daga Saudiyya ko Masar. Da layi ya mutu, tukunyar taimako ta unguwa, wadda suke kira takiya, ta fara mutuwa. Sai faifan Starlink da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya suka bayyana, ana biya a yi amfani na sa'a guda. Babu jaridar da ta koya wa tsohuwa inda faifan yake, ko nawa ake cire mata in ta mai da kuɗin waya kuɗin hannu, ko wace gada ce a rufe, ko wane titi ne ake harbi. Maƙwabta ne suka faɗa mata, wanda ya yi ƙarya kuwa gobe za a gan shi.

Hukuncina ke nan a kan majalisar banbar. Shaida ce mai kyau a kan abin da ke cikin tafiyar ƙafa daga inda take, alƙali ce mai haɗari a kan abin da ya wuce nan, ta fi haɗari kuma in batun mutane ne a jimlace, ƙabila kaza ko masu addini kaza. Laifinta babba shi ne ba ta sauya murya tsakanin biyun.

Mu ma muna da tamu, 'yan'uwa. Benci ne a gindin mangwaro bayan an tashi sujada, da teburin mai shayi a bakin tasha. Da aka janye tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, abin da aka faɗa a kan bencin game da kuɗin mota da mudun masara daidai ne, ba mai musu. A Lahadin nan kuma, a kan bencin nan, wani ɗan'uwa ya miƙo mini waya da hoton gawawwaki, ya ce a ƙauyen kaza ne jiya, mutanen kaza ne suka yi. Na tambaye shi wa ya aiko masa. Ya ce surukinsa. Na ce shi kuma fa? Ya ce bari ya tambaya. Ran Laraba ya zo ajin koyarwa ya same ni a ƙofa, ya ce, "Malam, hoton nan ashe na wata ƙasa ne, ya shekara biyar." Na ce ya gaya wa waɗanda ya tura wa. Ya duba wayarsa ya ƙirga, mutum 43 ne, a cikinsu akwai ƙungiyar matasa.