Magiyar Mage da Haushin Kare: A Yi Mana Wasan da Hausa

Yanzu da wuya ka buɗe TikTok ko zauren WhatsApp ba ka ci karo da bidiyon mage an ɗora mata murya ba, ko na kare an cusa masa magana a baki. Samarinmu na Agege sun rungumi wannan yayi, kuma ina tare da su. Wasu manya na ganin shiririta ce da ɓarnar data, ni kuwa ina ganin wasa da harshe ne, kuma Bahaushe bai taɓa raina wasa da harshe ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin abin da ake turowa aro ne. Tun wajen 2007 Turawa suka fara yayin hotunan kyanwoyi da gurɓataccen Turanci, kamar kyanwar ce ke magana, daga baya suka ƙirƙiro wa karnuka nasu kalmomin. Daɗin abin yana cikin harshensu. In ka kinkimo shi ka juye a Hausa, kafin ya iso ya salance.

Alhali muna da namu, kuma ya fi armashi. Je ka zauna a bencin mai tsire a Zangon Agege bayan sallar isha'i. Akwai wata mage mai dabbare-dabbare da ba ta fashin zuwa. Takan zauna nesa kaɗan da tukuba, ta naɗe wutsiya, idonta na bin wuƙa duk inda ta yi. Ana yanka kitse sai ta saki kuka. Mai tsiren ya ce, "Kun ji ta, ba ta ɓoye ba, miyau ta ce, shi ya cika mata baki." Wani ya karɓe, "Ai ba kuka take ba, magiya take, gadon gidansu ce." Karen da ke raɓe can gefen kwata yana leƙen takardar kowa kuma aka raɗa masa "karen ba-ni", wai daga kakansa karambani ya samo asali. Ba wanda ya buɗe littafi, ba wanda ya leƙa waya, amma wurin ya kaure da dariya. Wannan ita ce fasahar da nake so in gani a bidiyoyin yaranmu.

Kuma ba yau aka fara ba. Wanda ya fara kiran mutum mai tsoratarwa ba cutarwa "kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi" ya daɗe yana kallon kyanwa. Haka wanda ya yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai. Daga muzuru muka samo muzurai. Masu cacar baki, in ɗaya ya ce kule, ɗayan ya ce cas, da kiran kyanwa da korarta suke faɗa ko sun sani ko ba su sani ba. Da mota ta zo ƙasar nan aka dubi yaron da ke maƙale a bayanta aka ce karen mota, sunan ya zauna har yau. Ko a addini, babban sahabi Abu Huraira da laƙabin 'yar kyanwarsa duniya ta san shi, ga shi har 'ya'yanmu mata muna sa wa Hurera.

Dalilin da ya sa na damu da wannan a Agege musamman shi ne yaranmu. Cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 suka zaunar da kakanninmu a nan. Yau jikokinsu da yawa Yarbanci da buroka sun fi zama a bakinsu, Hausar ta koma ta gaisuwa da aike. Yaron da aka ce masa "kare na haushi, maigida na jin haushi" ya yi dariya, to ya kama karin sauti, abin da malami zai sha wahala kafin ya koyar a allo. Wanda ya rubuta "karya ta yi ƙarya" ya ga dole sai ya nemo harafin ƙ mai ƙugiya a wayarsa, ba zai sake rubuta kare yana nufin ƙare ba. In ya ƙirƙiro muzuranci don ya kwatanta yadda yayansa ke zare masa ido, ya nuna ya san yadda Hausa ke haihuwar kalma. Ina za a samu makarantar da ta fi wannan arha?

Sai dai wasa yana da iyaka, kuma mu mazauna kudu mun ga iyakar da idonmu. A watan Agustan 2016, a Sango Ota da ke nan kusa da mu a jihar Ogun, wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa suna Buhari, maƙwabcinsa wanda sunan mahaifinsa ke nan ya kai ƙara, magana ta kai ga 'yan sanda da kotun majistare, har ta cika jaridu. Daga baya kotu ta yi watsi da ƙarar. Kowa da yadda ya kalli shari'ar, amma abu ɗaya ya fito fili: sa wa kare suna magana ce, kuma a unguwar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo ke shan ruwan famfo ɗaya, magana tana iya tayar da gobara. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu yi wa wani. Sunan mutum, sunan ƙabila, sunan abin bautar wani, duk a bar su waje.

Haka kuma dabbar kanta. Na ga bidiyon da aka ɗaure mage a leda don ta yi kukan da za a ɗora wa waƙa, raina ya ɓaci ƙwarai. Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Magen da ke gadin buhunan masu shago daga ɓera, da karen da ke kwana a bakin abbatuwar Oko-Oba, ba su cancanci wannan wulaƙanci ba.

Saboda haka samari masu waya, ku ci gaba, amma ku ajiye wayar ku zauna wurin masu tsire da masu shayi da tsofaffin gidanku ku saurara tukuna. Ku ɗauki hoton magenku tana ƙoshe, ku sa mata Hausa a baki, ku turo mana mu yi dariya.