Tauraruwa Mai Wutsiya da Masu Sukarta

A cikin shekarar 1969, watau shekarar da Amurkawa biyu suka sauka a kan wata, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya fitar da wani ɗan littafi na Malam Umaru Dembo, mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda ya gamu da wani baƙo daga sama, ana ce da shi Ƙolin Ƙoliyo, ya ɗauke shi ya tafi da shi yawo cikin sararin samaniya. Littafin ba shi da kauri. Wanda ya sami takardar shaidar Yaƙi da Jahilci ya iya gama shi cikin dare biyu ko uku, in dai akwai kananzir a fitila. Amma maganar da ke tasowa a kan irinsa ta fi shi kauri nesa, ita ce kuwa nake so mu duba tare.

Masu sukar irin wannan littafi kashi biyu ne. Akwai waɗansu daga cikin malamai da almajiransu, da ke cewa ƙarya ce tsagwaronta, kuma shisshigi ne cikin gaibu, wanda ba mai saninsa sai Allah. Akwai kuma waɗanda suka yi nisa cikin karatun Ingilishi, su kuwa cewa suke yi ba wani abu sabo a ciki, kwaikwayon Turawa ne kawai aka sa masa sunayen Hausa. Abin mamaki, mutanen nan biyu ba su cika zama inuwa ɗaya ba, amma nan bakinsu ya zo ɗaya, kowa na cewa kada ka ɓata kuɗinka.

Bari mu fara da malamai, gama su ne iyayenmu, maganarsu kuwa ba a tsallake ta. Mu a nan Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu ya zauna, ba mu ɗauki maganar malami abin wasa ba. Lalle akwai gaskiya guda a bakinsu, ba na kuwa so a rufe ta. Mutumin da bai daɗe da koyon karatu ba yakan ɗauka duk abin da aka buga da injin gaskiya ne, don ya saba ganin takardar haraji da sanarwar hukuma, waɗanda ba a wasa a cikinsu. In ya karanta cewa an ɗauki yaro an kai shi sama, sai ya tafi kasuwa ya ba da labari kamar abin da ya auku, wani ya ɗauka ya ƙara gishiri. Wannan ɓarna ce. Amma maganinta ba wuya. Tsohuwa in za ta yi tatsuniya takan buɗe da ga ta nan ga ta nanku, in ta gama ta rufe da kan kusu, kowane yaro ya san inda gaskiya ta tsaya. Ƙagaggen labari tatsuniya ce da aka buga a takarda. Wanda ya faɗa maka tun farko cewa ƙaga ya yi, bai yi maka ƙarya ba, gama ƙarya ita ce a faɗi abin da ba shi ne ba don a yarda. Aikin malaman aji ne su bayyana wa ɗalibai wannan bambanci tun ran da suka miƙa musu littafi.

Batun gaibu shi ne mai nauyi. A nan ina ganin an haɗa abu biyu da malaman da suka rigaye mu suka raba. Sun ce ilmin taurari iri biyu ne. Akwai na mai cewa tauraro kaza ya fito, saboda haka sarki zai mutu, ko aurenka ba zai yi albarka ba. Wannan duba ne, an hana shi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa gargaɗi a kan masu rufa-ido da masu duba da taurari. Tauraruwa mai wutsiya ma ta sha wannan ƙazafi, har aka yi mata karin magana cewa ganinta ba alheri ba. Alhali kuwa dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura mai kewaya rana, in ta matso kusa zafi ya narka bayanta, tururin ya miƙe ya zama wutsiya. Akwai wadda ake kira Halley, ta bayyana a 1910, ta komo a 1986, an kuma lasafta za ta sake zuwa a 2061. Abin da aka san ranar zuwansa da lissafi, yaya zai zama manzon mutuwar wani?

Iri na biyu shi ne sanin tafiyarsu, da lokacin fitowarsu da faɗuwarsu. Wannan ba wanda ya hana shi. Da shi aka san alƙibla, da shi fatake ke ratsa daji da dare. Ka tafi ƙauyukan Kebbe gab da faɗuwar ruwa, ka ji manoma na tambayar malami wane tauraro ake ciki, Haƙ'a ne ko Han'a, ko an shiga Zira'a. Taurari 28 ne cikin lissafin nan, kowane na da kwana 13, sai ɗaya mai 14, su cika shekara. Ba wanda ya ce da manomin nan ya yi shisshigi. To, wanda ya kafa madubin hangen nesa yana auna nisan tauraro, a wane kashi za a sa shi? A ganina ɗan'uwan manomin nan ne, kayan aikinsa ne kawai suka fi tsada.

Saura tambayar da ta fi tsorata mutane: ko akwai waɗansu halittu masu hankali a waɗansu duniyoyi? Musulmi bai kamata wannan ta firgita shi ba, tun da ya riga ya yarda da aljannu da mala'iku, ba ya ganinsu. Aya ta 29 cikin Suratu Shura ta ambaci masu rai da Allah ya watsa cikin sammai da ƙasa. Masu tafsiri sun saɓa a kanta, waɗansu sun ce mala'iku ake nufi, waɗansu sun ce dabbobin ƙasa ne kaɗai, waɗansu kuwa suka ce ba mamaki akwai halittu can da ba mu sani ba. Shehu Fahruddini Razi, wanda ya rasu a shekara ta 606 ta Hijira, ya yi doguwar magana cikin tafsirinsa na Fatiha, yana raddi ga masu cewa duniya ɗaya ce tak, ya nuna ikon Allah bai gaza halittar dubban dubbai irinta ba. Ashe ƙofar da manya suka bari a buɗe, bai dace ƙaramin almajiri ya zo ya sa mata kuba ba. Haka nan kuma ba na tare da samarin da ke cewa ayar nan ta tabbatar da mutanen sama. Ba ta ce haka ba. Jan aya da ƙarfi zuwa inda kake so, ko don hani ko don yarda, duk laifi ɗaya ne.

Mu juya wajen masu cewa kwaikwayo ne. Gaskiya ne Turawa sun riga mu. Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya wata tun 1865, H. G. Wells na Ingila ya rubuta na yaƙin mutanen duniyar Mirrihu da mutanen ƙasa a 1898. Amma in aro laifi ne, wa zai tsira? Alhaji Abubakar Imam, wanda ba mu da kamarsa, ya ɗebo daga Alfu Laila da Muƙamatul Hariri da tatsuniyoyin Jamus, ya gina Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ba wanda ya karanta su ya ji warin baƙunta. Cikin Alfu Laila ɗin ma akwai dokin katako mai tashi sama in an murɗa masa ƙusa, tun Verne bai zo duniya ba. Alawayyo da akoko duk daga waje aka kawo su, amma in maɗinkin Sakkwato ya yanka ya yi musu aska takwas, wa zai ce rigar Bature ce? Abin tambaya shi ne ɗinkin, ba inda aka saƙa ƙyallen ba. Ta wannan fuska Malam Umaru ya fita kunya. Yaronsa namu ne, Hausarsa mai sauƙi ce irin ta wanda ya san yara, shi ne kuwa ya tattara wasanninsu cikin littafinsa Wasannin Yara. Ko sunan baƙon ma daga ƙoli ya fito, duk Bahaushe ya ji shi ya san daga inda mai sunan ya sauko.

Kada kuma a ce sha'anin sama nesa yake da mu a lokacin. Amurkawa sun kafa tashar sauraron kumbo a Kano, ran 20 ga Fabrairu 1962 kuwa, da John Glenn ya kewaya duniya sau 3, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi sawunsa. Marubucin da ya ɗaga kai sama a shekarun nan, abin da ke wucewa bisa rufin ɗakinsa ya duba.

Ni inda nake da magana da littafin daban ne, ban kuwa ji kashin nan biyu sun taɓo wurin ba. Aibinsa ba yawan aro daga Turawa ba ne, yawan dogara ne ga abin da muka saba. Baƙo mai iko ya zo ya ɗauki ɗan Adam, ya nuna masa abubuwan al'ajabi: ai wannan tsohuwar hanya ce, ita Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya bi tun 1934 zuwa ƙasar aljannu. Ka cire wa Ƙolin Ƙoliyo abin hawansa, ka ga ko ba aljanin tatsuniya ne zai saura ba. Shi kuwa labarin kimiyya, abin da ya raba shi da tatsuniya shi ne, mai rubuta shi yana ɗaure kansa da dokokin da Allah ya aza wa halitta, sa'an nan ya tambayi kansa, in abu kaza ya auku, me zai biyo baya? Aljani ba ruwansa da nisa, ƙiftawa da bismilla ya kai Bagadaza. Mutumin wata duniya kuwa nisa ne babban abokin gabansa.

Ku dubi yadda nisan yake. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kamar mil 60 ne. Zuwa wata kuwa kamar mil 239,000, watau ka yi tafiyar Sakkwato wajen sau 4,000. Wannan fa maƙwabcin ƙofar gida ne. Haske na gudun mil 186,000 cikin daƙiƙa ɗaya, yakan iso mu daga rana cikin minti 8, amma daga tauraron da ya fi kusa da mu sai ya shekara 4 da 'yan watanni a hanya. Saboda haka masana suka ga zuwa ba shi yiwuwa yanzu, sai dai saurare. A 1960 wani Ba'amurke, Frank Drake, ya juya wani ƙaton kasko na ƙarfe mai faɗin ƙafa 85, a wani wuri da ake kira Green Bank, ya fuskantar da shi ga taurari biyu, ko ya ji alamar rediyo wadda hankali ya shirya. Bai ji kome ba. Ko da ya ji ma, taurarin nan tafiyar haske ce ta fiye da shekara 10. In ka ce salamu alaikum yau, kafin amsa ta komo yaron da aka raɗa wa suna ran nan ya isa aure. A 1974 an aika da saƙo daga kaskon Aresibo zuwa wani taron taurari, sai ya yi wajen shekara 25,000 kafin ya isa, kaskon da ya aika shi kuwa ya rushe a 2020. A 1977 wani kasko a Ohayo ya kama wata alama mai ƙarfi ta daƙiƙa 72, aka yi ta komawa wurin, ba a sake jin ta ba. A shekarar nan dai aka harba kumbo biyu masu suna Voyager, kowane da faifai mai ɗauke da gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci a ciki, amma ba Hausa, ko da yake mun fi kowa tsawon gaisuwa.

Ba a ce an yi asarar wahala duka ba. A 1995 waɗansu masana biyu na Suwizalan, Mayor da Queloz, suka gano duniya mai kewaya wani tauraro irin ranarmu, zuwa 2022 kuwa waɗanda aka tabbatar sun haura 5,000. Gidaje kam an gani, amma har yanzu ba a ji motsin mai gida ba. Duk wanda ya ce maka an sami mutanen sama, ya faɗi abin da masu neman su da kansu ba su faɗa ba.

A nan ne, in da marubutanmu za su duba, labarin da ba wanda ya riga su yake. Wells ya kawo baƙinsa da makamai domin ƙasarsa ta saba cin ƙasashen mutane da yaƙi, ya tambayi 'yan'uwansa yaya za su ji in an yi musu haka. Mu kuwa kakanninmu sun riga sun gani, ran da baƙi masu bindigar da ba a san irinta ba suka tsaya bayan ganuwar Sakkwato a 1903. Wanda ya gaji wannan, in ya rubuta zuwan baƙo daga sama, ba zai rubuta irin na Wells ba. Sa'an nan ga tambayoyin da Bature ba zai yi tunaninsu ba. In Kilba ya sauka wata duniya, ina alƙiblarsa? Da wace rana zai san azahar, da wane wata zai ɗauki azumi? In saƙo ya iso, aka tara malamai a Sakkwato a kan ko a amsa sallamar wanda ba mutum ba ne, ba kuwa aljani ba, me Waziri zai ce, me alƙali zai ce? Ba abin dariya ba ne. A 2007, da wani likita Musulmi na ƙasar Malesiya ya tafi tashar sama cikin watan azumi, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi salla a wurin da rana ke fitowa sau 16 cikin yini da dare guda. Malam Umaru ya sare hanya tun shekara 38 kafin wannan. Wanda zai bi bayansa yana bukatar ya zauna gaban malamin fiƙihu, ya kuma zauna gaban malamin lissafi, kafin ya tsoma alƙalami cikin tawada.