Catherine Gurney da Hidima ga 'Yan Sanda: Abin Koyi da Abin Lura

An haifi Catherine Gurney a Landan a shekarar 1848, ta rasu a 1930. Ta fito daga gidan masu hali kuma masu ibada. Kamfanin iyalinsu ne yake ɗaukar wa majalisar dokokin Birtaniya bayanai a rubuce. Tana da damar zama cikin jin daɗi, amma ta ba da kusan shekara hamsin na rayuwarta ga 'yan sanda. A wannan darasi za mu auna aikinta, mu ga inda ya yi ƙarfi da inda labarinsa ya bar giɓi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ta yi

Ana ba da labari cewa wani ɗan sanda ya yi mamaki da ta yi masa maganar ceto, har ya tambaye ta ko da gaske tana ganin ɗan sanda ma yana da rai da zai tsaya gaban Allah. Tambayar ta nuna yadda mutumin yake ganin jama'a sun ɗauke shi. A 1883 ta kafa Ƙungiyar 'Yan Sanda Kirista, wadda take nan har yau. A 1890 ta buɗe gida a Hove, a bakin teku, inda ɗan sandan da ya tashi daga ciwo zai je ya murmure. Ta kafa gidan marayun 'yan sanda a Redhill, da wani a Harrogate a 1898, sannan gidan murmurewa na biyu a garin na Harrogate. An ba ta lambar girma ta OBE, kuma a Harrogate aka binne ta.

Inda aikin ya yi ƙarfi

Na farko, ta ga mutum a cikin kaki. Aikin ɗan sanda a zamaninta sintiri ne da ƙafa, dare da rana, cikin sanyi da ruwan sama, kuma Lahadi ma ranar aiki ce. Mutumin da ba ya samun zuwa sujada, da sauƙi ikilisiya ta manta da shi. Gurney ba ta jira su zo ba, ita ta je inda suke. Haka Ubangiji ya aiki Bitrus gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma (Ayyukan Manzanni 10).

Na biyu, ba ta raba bishara da jiki ba. Ta fara da nazarin Littafi Mai Tsarki da addu'a, ta kai ga gadon jinya da abincin marayu. Wannan shi ne abin da Yakubu 2:15-17 yake nema daga bangaskiya mai rai.

Na uku, ta gina abin da ya rayu bayanta. Gidan Harrogate yana jinyar 'yan sanda har yanzu, kuma yawancin kuɗin tafiyar da shi daga gudummawar 'yan sandan kansu yake fitowa. Da yawa daga cikin hidimominmu sukan mutu ranar da aka yi wa fasto canjin wurin aiki. Nata bai mutu ba, domin waɗanda aka yi shi dominsu sun ɗauke shi nasu.

Inda labarin ya bar giɓi

Idan aka ba da labarin Gurney, yawanci akan tsaya kan gidajen da ta gina. Amma gidan murmurewa yana karɓar wanda aiki ya riga ya karya ne. Me ya karya shi? 'Yan sandan Landan sun yi yajin aiki a 1872, da 1890, da 1918, saboda albashi da yanayin aiki. Haƙƙin fansho bayan shekara 25 na aiki ya zo ne ta dokar 1890. Hutun yini ɗaya a mako ya zo ta dokar 1910. Waɗannan gyare-gyare ta hannun majalisa suka zo, bayan dogon matsin lamba. Jinƙai ya ɗaure rauni, doka kuma ta rage abin da yake jawo raunin. Mai hidimar da ya koyi na farkon kaɗai zai yi ta ɗibar ruwa daga ɗaki bai toshe inda yake yoyo ba.

Giɓi na biyu ya fi nauyi. A labarin muna ganin ɗan sanda mai ciwo da marayansa, amma ba ma ganin wanda kulki ya sauka a kansa. Ranar 13 ga Nuwamba, 1887, shekara huɗu bayan kafa ƙungiyar, 'yan sanda da sojoji suka tarwatsa masu zanga-zanga a Dandalin Trafalgar, mutane da yawa suka ji rauni. Su ma suna da rai. Ɗan sanda ba kamar maraya ko gwauruwa yake ba. Shi mai rauni ne a gaban manyansa, mai iko ne a gaban talaka. Hidimar da ta ga rauninsa ta kau da ido daga ikonsa ta yi rabin aiki.

Abin da Nassi ya haɗa

Sa'ad da sojoji suka je wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikinsu ba. Ya hana su ƙwace, ya hana su ƙagen ƙarya, ya ce albashinsu ya ishe su (Luka 3:14). Biyu na farko suna kare talaka. Na ukun kuwa yana ɗora wa hukuma nauyi, gama ba a ce wa mutum ya gamsu da albashin da ba a biya shi ba. A Filibi, Bulus ya hana mai tsaron kurkuku kashe kansa, ya yi masa bishara shi da iyalinsa. Da gari ya waye, Bulus ɗin nan ya ƙi fita a ɓoye, sai mahukuntan da suka sa aka yi masa dūka ba tare da shari'a ba sun zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:25-39). Romawa 13:4 ta kira mai iko bawan Allah. Wannan suna girma ne, kuma hisabi ne, domin bawa yana da maigidan da zai ba shi lissafi.

Abin da ya shafe mu

A ikilisiyoyinmu akwai 'yan sanda, da matan da suka rasa mazajensu a bakin aiki suna jiran haƙƙinsu, da yaran bariki. A kujerun baya kuma akwai direban da aka karɓe masa kuɗi a shingen hanya, da uwar da ɗanta ya daɗe a tsare ba a kai shi kotu ba. Duk tumakinmu ne. Jarrabarmu iri biyu ce: ko mu zagi 'yan sanda daga bagade don jama'a su ji daɗi, ko mu ba babban jami'i kujerar gaba ranar gidauniya mu yi shiru a kan sauran. Gurney ta rufe mana hanya ta farko. Ta biyun kuwa Yahaya da Bulus ne suka rufe ta. Bari mu ziyarci bariki, mu yi addu'a da masu aikin dare, mu bi wa gwauruwa takardunta, mu kuma faɗa wa ɗan'uwa mai kaki gaskiya cikin ƙauna, gama wanda ya zauna da shi a ranar ciwonsa shi zai fi saurara a ranar tsawatawa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. 'Yan sanda nawa ne a ikilisiyarku, kuma yaushe aka ziyarce su a ƙarshe?
2. Idan ɗan'uwa ya furta maka cewa baikonsa daga kuɗin shingen hanya yake fitowa, me za ka ce masa?
3. Wace hidima ce a ikilisiyarku za ta ci gaba ko da an yi maka canji gobe?