Rumbun Aro: Makomar YouTube da Ajiyar da Muka Ba Shi

A watan Afrilun 2005 wani matashi mai suna Jawed Karim ya tsaya gaban giwaye a gidan namun dajin San Diego, a Amurka, aka ɗauke shi bidiyo na daƙiƙa 19 yana mamakin tsawon hancinsu. Wannan ne bidiyo na farko da ya hau YouTube, shafin da shi da abokansa Chad Hurley da Steve Chen suka buɗe bayan sun bar aiki a PayPal. Kafin ƙarshen 2006 Google ya saye shi a kan dala biliyan 1.65. A lokacin wasu sun ce Google ya sayi rigima da kuɗinsa, kuma ba su yi ƙarya ba, don a 2007 kamfanin Viacom ya maka shi a kotu yana neman dala biliyan 1 kan satar fasaha, shari'ar da ba a sasanta ba sai 2014. To amma a 2024 talla kaɗai ta kawo wa YouTube sama da dala biliyan 36.

Saboda haka masu hasashen cewa ya kusa rushewa ba na jin sun duba lissafin da kyau. Tun 2019 ake ɗora masa bidiyon da ya kai sa'a 500 a kowane minti. Adana wannan lodi, da isar da shi ga mai waya a Zinder ko Kumasi ba tare da yankewa ba, na buƙatar manyan ɗakunan kwamfuta da wayoyin ƙarƙashin teku, irin Equiano da Google ya ja har Legas a 2022. Kamfanonin da ke da wannan ƙarfi a duniya ba su cika yatsun hannu ba. Ga kuma dabarar da ta ɗaure masu shirya bidiyo: tun 2007 ake raba kuɗin talla da su, inda mai dogon bidiyo ke karɓar kashi 55 cikin ɗari. Da TikTok ya taso masa, bai tsaya gardama ba. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, cikin watan Satumba YouTube ya buɗe sashen gajerun bidiyo mai suna Shorts a can, ya kwashe kasuwar da aka bari.

Abin da ya fi damuna daban ne. Mun ɗauki YouTube tamkar gidan tarihi, alhali shi kasuwa ce, kuma mai kasuwa na sauya dokar rumfa duk sa'ad da ya ga dama. A 2012 ya daina fifita yawan waɗanda suka latsa bidiyo, ya koma duba tsawon lokacin da suka zauna suna kallo. Nan take aka shiga jan magana, abin da za a faɗa a minti uku ya koma minti goma sha biyar. A 2017 manyan kamfanoni suka janye tallarsu saboda ana liƙa ta a jikin bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi. Shekara na zagayowa aka ce babu mai cin ko sisi sai yana da mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara. Dubban ƙananan tashoshi suka wayi gari an yanke musu abinci, ba a shawarce su ba, ba su kuma da wurin kai ƙara.

Wanda ke son ganin yadda dokar rumfa ke sauya sana'a, ya dubi Kannywood. Masana'antar da ta faro da kaset a 1990, ta koma faifan CD da ake sari a Ƙofar Wambai, ta wayi gari masu tura fina-finai a waya sun kashe wannan ciniki. YouTube ne ya zama mafaka. Fim mai kashi biyu ya ja baya, fim mai dogon zango ya karɓi fili: Izzar So, Labarina da ire-irensu, kashi bayan kashi, mako bayan mako, domin na'urar da ke zaɓa wa mai kallo abin kallo tana son tashar da ba ta yin shiru. Har salon labarin ya bi sahu. Ana jan zare, ana yanke kashi daidai inda rai ya tsaya. Tunda kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijeriya ba ta biya kamar wadda ake nuna wa na Ingila, furodusa kan cusa tasa tallar cikin fim, ta mai maganin gargajiya ko mai shagon atamfa, wani lokaci har ta fi wasan tsawo. Ban ga laifinsu ba, neman halak suke yi. Amma ya kamata mu san cewa wani ofis a Kalifoniya na da hannu a yadda marubuci a Kano ke tsara labarinsa.

Maganar ajiya ce ta fi nauyi. Yau in kana neman tsohuwar waƙar Mamman Shata ko ta Ɗanƙwairo, ko tafsirin malamin da ya rasu shekaru talatin da suka wuce, ko fim ɗin da ka kalla kana yaro, can za ka nufa. Da yawa daga cikinsu wani bawan Allah ne ya juyo su daga kaset ya ɗora, ba shi da takardar mallaka, kaset ɗin ma ƙila ya jefar. A dokar shafin, ƙorafin haƙƙin mallaka uku sun isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta. A 2017 na'urar tace bidiyoyin ta'addanci ta share dubban bidiyoyin da mutanen Siriya suka ɗauka na yaƙin ƙasarsu, hujjojin da masu bincike ke dogaro da su. Wasu an dawo da su bayan an yi ta kuka. MySpace, wanda ya taɓa zama sarkin shafukan sada zumunta, ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora masa tsawon shekara 12 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya, kimanin miliyan 50. Ya ba da haƙuri, shi ke nan.

Kwatanta wannan da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976. Shekaru da dama ana ɗaukar ya ɓata, sai aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ƙura da sakaci ba su kashe shi ba, saboda abu ne da ke zaune a kan kanta. Bidiyon da ke YouTube kaɗai ba shi da wannan gata. Ranar da aka share shi babu ɗakin da za a buɗe a tsince shi.

A ganina YouTube zai daɗe, amma alkawarin ajiya kyauta ba iyaka shi ne ba zai daɗe ba. Google ya riga ya nuna hali: a 2021 ya janye ajiyar hotuna kyauta marar iyaka a Google Photos, a 2023 ya fara goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, kodayake ya tsame masu bidiyo a YouTube. Yanzu kuma ga ambaliyar bidiyon da kwamfuta ke ƙirƙira da kanta, wanda bai ci wa mai ɗorawa komai ba amma yana cin wuri. Ranar da lissafi ya ƙi, abin da ba ya kawo talla za a fara dubawa, kuma tsohon kaset na Hausa mai masu kallo ɗari uku yana sahun gaba.

Don haka ina kira ga furodusoshi, da almajiran malamai, da iyalan mawaƙa: ku ɗora a YouTube, ku ci kasuwarsa, amma asalin aikin ku adana shi a ma'ajiya biyu a gidaje biyu, ku kai kwafi na uku gidan adana fina-finai da sauti na ƙasa da ke Jos, ko ɗakin karatun jami'ar da ke kusa da ku.